Hannun da Inji Ya Ci, Bashi Ne



Maganar yau ta magina ce da leburorinsu: mai kwaɓa siminti, da mai fasa dutse, da mai hawa tsani da bulo a ka. Injin kwaɓa siminti bai san bambancin hannu da shebur ba. Zarton inji yakan cire yatsa huɗu kafin mutum ya ce wayyo. Ƙafar da ƙarfe ya danne, in aka kwana uku ana shafa mata magani a gida, sai ta ruɓe, likita ya yanke. Daga nan sai me? Ɗan kwangila ya zo gaisuwa, ya ajiye ɗan abin goro, ya ce ƙaddara ce. Bayan wata shida sai ka iske magini a ƙofar masallaci da ƙoƙon bara.

Jama'a, ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta yafe bashi. Malamanmu sun sani, a shari'a diyyar hannu ɗaya rabin diyyar rai ce, ta yatsa ɗaya kuwa raƙumi 10. Dokar gwamnati ma ta yanke nata hakki, kuma ba kyauta aka ba mu shi ba.

Ku tuna. Har 1926 Zinder ce babban birnin Nijar. Bariki da hanyoyin mota na zamanin, da aikin tilas aka yi su, wanda dutse ya murƙushe kuwa sai dai danginsa su ɗauke shi. Alhali a Faransa tun 1898 doka ta ɗora wa mai aiki biyan ma'aikacin da ya ji rauni, ko da laifinsa ko babu. Sai ran 11 ga Afrilu 1946 aka kashe aikin tilas. Ran 3 ga Nuwamba 1952 ma'aikatan Afirka ta Yamma suka ajiye aiki gaba ɗaya, ran 15 ga Disamba na shekarar dokar aiki ta fito. Dokar biyan hatsarin aiki ta biyo baya ran 24 ga Fabrairu 1957. A 1965 Nijar ta kafa asusun CNSS, ta damƙa masa wannan aiki.

To, ga abin da doka ta ba wanda ya ji rauni a wurin aiki, ko a hanyarsa ta zuwa ko ta komawa gida.

Na ɗaya, magani, da kwanciya asibiti, da hannu ko ƙafar roba, ba daga aljihunsa ba.

Na biyu, kuɗin jiyya: rabin albashinsa na yini har kwana 28, daga nan kashi biyu cikin uku, har ya warke.

Na uku, fansho saboda gaɓar da ya rasa. Likita ne ke auna nakasa, kashi kaza cikin 100. Ku riƙe lissafin. Abin da bai wuce 50 ba, a raba shi biyu. Abin da ya haura 50, a ƙara masa rabinsa. In likita ya rubuta 60, rabin 50 shi ne 25, sauran 10 ya zama 15, jimla 40. Mai albashin jika 60 a wata, hakkinsa ya kama jika 24 a wata.

Na huɗu, kuɗin da ake zuba wa asusu saboda hatsari mai aiki ne kaɗai ke biyansa. Ba a yankar lebura ko dala.

To, ina gizo ke saƙa? Wajen takarda. Doka ta ba mai aiki awa 48 ya kai labarin hatsari. Ɗan kwangilar da bai rubuta sunan leburansa a asusu ba, ba zai kai kansa ƙara ba. Sai ya yi shiru, ya lallashi dangi, har shaidu su watse da faɗuwar damina, kowa ya koma gonarsa. Hakkin da ba a rubuta ba, iska ce ke kwashe shi.

Saboda haka kowane reshe ya ɗauki abu huɗu. Ran da hatsari ya auku, a kai mutum asibiti a ranar, a karɓi takardar likita. Mai ilmin boko a cikinku ya rubuta rana, da sa'a, da wuri, da sunan shaidu biyu. In awa 48 ta cika mai aiki bai motsa ba, ku raka dangi ofishin sufetan aiki da na CNSS a Zinder, gama doka ta ba mai rauni da danginsa shekara biyu su kai labari da kansu. Kuma kada kowa ya dangwala yatsa a takardar sulhu sai an karanta masa ita da Hausa. Da yatsan da ya rage masa ake raba mutum da hakkin waɗanda suka tafi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle dungu. Ku karanta wannan takarda ran kasuwa, ku kai ta inda ake gini.

Allah ya kiyaye gaɓoɓinmu, amin. Wassalam.