Bashin Karatu da Likitan Ƙauye: Yadda Amurka ke Fama

Yau za mu tsallaka teku zuwa Amurka, mu yi magana kan bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, to amma hanjin ɗalibin likita a Amurka ya fi na kowa tsawo.

A can, ba a shiga makarantar likitanci daga sakandare kai tsaye kamar yadda ake yi a Zariya ko Maiduguri. Sai yaro ya yi digiri na shekara 4 tukuna, sannan ya yi wata shekara 4 a makarantar likitanci, sannan ya shiga horon ƙwarewa a asibiti, wanda ga likitan iyali shekara 3 ne. Galibi da rance ake yin karatun nan. Ƙungiyar makarantun likitanci ta ƙasar, AAMC, ta nuna cewa kusan bakwai cikin goma na masu kammalawa da bashi suke fita, kuma matsakaicin bashin ya kai wajen dala 200,000. Ga kuɗin ruwa yana hawa a kai tun yaron na aji, yana ci gaba da hawa a shekarun horo, lokacin da albashinsa bai taka kara ya karya ba.

To ku ɗora kanku a matsayin wannan matashin. Ga hanya biyu gabansa. Ko ya zama likitan iyali, wato wanda mara lafiya ke fara gani, mai duba hawan jini da ciwon suga da rigakafin yara da awon ciki, ko ya zama likitan ƙashi ko na zuciya. Na biyun yakan ɗauki ninki biyu na albashin na farkon, wani lokaci ma fiye. Mai bashin dala 200,000 a wuyansa ba sai an gaya masa inda zai nufa ba. Shi ya sa ƙauyukan Amurka da unguwannin talakawa na manyan biranenta ke kukan rashin likita, a ƙasar da ta fi kowace ƙasa kashe kuɗi kan lafiya.

Gwamnatin tarayyar ƙasar ta daɗe da ganin wannan. A ƙarshen 1970 shugaba Richard Nixon ya sa hannu kan dokar da ta haifar da wata runduna ta ma'aikatan lafiya, wadda ake kira National Health Service Corps, ko NHSC a taƙaice. Ba rundunar bindiga ba ce. Ciniki ne kawai: mu ɗauke maka nauyi, kai kuma ka je inda babu likita. Manyan ƙofofinta biyu ne. Ta farko tallafin karatu, wanda aka soma a shekarun 1970: a biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, a riƙa ba shi na kashewa duk wata, shi kuma ya biya da aiki, shekara ɗaya kan kowace shekarar da aka ɗauki nauyinsa, amma ba ƙasa da shekara 2 ba. Ta biyu, wadda aka ƙara a 1987, ta wanda ya riga ya gama ne da bashinsa a ka. Ya yi shekara 2 a yankin da hukuma ta tantance yana da ƙarancin likitoci, a rage masa bashin. An daɗe ana ba da har dala 50,000, a 2024 aka ɗaga wa masu aikin matakin farko, irin likitocin iyali, zuwa 75,000. Akwai kuma ta ɗaliban shekarar ƙarshe, har dala 120,000 kan aikin shekara 3.

Kada ku ɗauka sadaka ce. Wanda ya ci tallafin karatun ya tsere bai cika alkawari ba, doka ta ba da damar a bi shi ninki uku na abin da aka kashe masa, har da ruwa. Wasu na ganin tsaurin ya yi yawa ga yaron da ya sa hannu yana ɗan shekara 22, bai ma san wane fanni zuciyarsa za ta so ba. Ni dai ina ganin suna da ɗan gaskiya.

Ban da wannan, tun 2007 akwai dokar yafe ragowar bashin gwamnati ga wanda ya yi aiki a hukuma ko asibitin da ba na neman riba ba, bayan ya biya na wata 120, wato shekara 10. Attajirai ma sun shigo. Jami'ar New York ta daina karɓar kuɗin makaranta daga ɗaliban likitancinta a 2018. A Fabrairun 2024 wata tsohuwar farfesa, Ruth Gottesman, ta ba kwalejin likitanci ta Albert Einstein da ke unguwar Bronx dala biliyan 1 don ɗalibai su yi karatu kyauta, bayan 'yan watanni gidauniyar Michael Bloomberg ta ba jami'ar Johns Hopkins kwatankwacin haka.

Nan ne nake so mu ɗan dakata, don nan zancen yake. Cire wa ɗalibi bashi ba ya kai shi ƙauye da kansa. Kyautar da babu sharaɗi a kanta, yaro na iya karɓa ya yi godiya, ya wuce fannin da ya fi tsoka. Wanda kuma aka ɗaure da yarjejeniya, yana iya zama yana ƙirga kwanaki kamar ɗan bautar ƙasa da aka tura garin da bai so ba, ranar da wa'adi ya cika ya ɗaure kayansa.

Wata kwalejin likitanci a birnin Filadelfiya, Jefferson, ta bi ta wata hanya tun 1974. Ta riƙa zaɓo ɗaliban da suka tashi a ƙauye ko ƙaramin gari, masu niyyar komawa irin wurin su yi aikin likitan iyali. Kowannensu a haɗa shi da malami daga sashen likitancin iyali da zai riƙe hannunsa tun shekarar farko, a tura shi koyon aiki wajen likitocin karkara, ya ga yadda suke rayuwa da iyalinsu, ya ga mutum guda na kula da jika da uwa da kaka. Kuɗin da ke cikin shirin kaɗan ne. Amma da Dokta Howard Rabinowitz, wanda ya daɗe yana jagorantar shirin, ya bi sawunsu a binciken da aka buga a 1999, sai ga abin mamaki: su ne kashi 1 kacal cikin ɗari na waɗanda suka fito daga makarantun likitanci bakwai na jihar Fensilbaniya, amma su ne kashi 21 cikin ɗari na likitocin iyalin da waɗannan makarantu suka samar wa karkarar jihar. Da ɗan gari akan ci gari.

Me ya sa jagora ke da wannan tasirin? A manyan asibitocin koyarwa, ɗalibi yakan ji ana ce masa, kai da ƙwaƙwalwarka, me za ka yi da aikin likitan iyali? Magana ce ƙarama, amma tana karya gwiwa. In yana da babba a sana'ar da zai zaunar da shi ya lissafa masa yadda shi ya biya nasa bashin, wace takarda ake cikewa, wane wata ake rufe karɓa, wace yarjejeniya ce tarko, sai tsoron ya ragu. Duk wanda ya koyi ɗinki ko ƙira a hannun maigida ya san abin da nake nufi. Gidauniyar Pisacano, wadda aka sa wa sunan Dokta Nicholas Pisacano, jagoran kafa hukumar tantance likitocin iyali ta Amurka a 1969, haka take yi: 'yan ɗalibai kaɗan take zaɓa duk shekara, ta rage musu bashi, ta kuma haɗa su da manyan fannin.

Wani zai ce, to malam, ina ruwanmu? Akwai ruwanmu kuwa. Gurbin da waɗannan shirye-shirye suka kasa cikewa, da likitocin ƙasashen waje Amurka ke cike shi. Tun 1994 akwai tsarin da ake kira Conrad, wanda a yau ke ba kowace jiha damar riƙe baƙin likitoci har 30 a shekara bayan sun gama horo, maimakon su koma gida, muddin za su yi shekara 3 a yankin da ke da ƙaranci. Cikin baƙin likitocin da ke aiki a Amurka akwai 'yan Najeriya da dama, waɗanda jami'o'inmu suka horar da kuɗin talaka.

Mu ma kuma mun shiga zamanin rancen karatu, tunda asusun NELFUND ya fara aiki a 2024, kuma jihohinmu sun daɗe suna ɗaukar nauyin ɗaliban likitanci bisa sharaɗin su dawo su yi aiki. Ɗalibin da ke saurarona, kafin ka sa hannu kan irin wannan takarda, ka karanta shekara nawa ta ɗaure ka, ina za a tura ka, nawa za ka biya in ka fasa, sannan ka kai ta wajen likitan da ya taɓa sa hannu kan irinta.