Daga Gure zuwa Gore: bayanin tafiyar da kuka aike ni



Na san hoton nan ya riga ni dawowa gida. Ni ne dai a ciki, wando naɗe har gwiwa, ƙafa cikin ruwa, ina dariya kamar wanda aka biya wa bashi. Na ji an ce an aiki mutum taro ya tafi wanka. Ban ji haushi ba, don da sunanku na tafi, kuna da haƙƙin ku tambaya. Shi ya sa na roƙi a ba ni minti goma yau.

Hanya kun san ta: Gure zuwa Damagaram, Damagaram zuwa Yamai a cikin kar, yini guda cur, sannan jirgin sama zuwa Dakar. Daga tashar jiragen ruwa ta Dakar ake shiga wani jirgi da suke ce wa shalup, minti ashirin ya kai ka tsibirin Gore. Da na faɗi sunan garinmu wurin rajista sai da aka sa na maimaita sau biyu, suna tsammanin tsibirin nasu nake kira da bakin baƙo.

Tsibirin ƙarami ne, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba. Babu mota ko ɗaya, lunguna ne na rairayi da tsoffin gidaje ja da rawaya. Kwana uku muka yi a ɗaki ɗaya, matasa daga ƙasashe daban-daban, ana magana kan yadda ƙungiya za ta bi diddigin kuɗin komin ɗinta. An koyi abubuwa, kuma duk na rubuta su a rapor. Amma gaskiya rabin abin da aka faɗa mun taɓa jin sa a atelye a Damagaram.

Rana ta uku da azahar aka sallame mu. Bakin ruwan da ake wanka ɗan wuri ne, dab da inda shalup ke tsayawa. Yara na nutso suna kamo sulallan da baƙi ke jefa musu. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce na tafki ba, na shiga, na ɗanɗana, gishirinsa har ya so ya fi manda. A nan aka ɗauki hoton. Ban yi nadama ba, ɗan Gure ma yana da haƙƙin ya jiƙa ƙafarsa.

Daga nan muka taka, tafiyar ƴan mintoci, rairayi bai ma gama zuba daga ƙafata ba, muka shiga gidan da ake kira Gidan Bayi. An gina shi wajen 1776, aka mai da shi gidan tarihi a 1962, kuma a 1978 UNESCO ta sa tsibirin duka cikin wuraren tarihi na duniya. A ƙasa akwai ɗakuna masu duhu, a ƙarshen wani siririn lungu kuma akwai ƙofa da ke buɗewa kan teku kai tsaye, wadda suke kira ƙofar da ba a dawowa. Masana tarihi da yawa na cewa waɗanda suka bi ta Gore kaɗan ne in aka gwada da tashoshi irin su Wida ko Luwanda. Na yarda. Amma mutum sama da miliyan 12 aka kwasa daga nahiyar nan aka haye teku da su, kuma in ka tsaya a wannan ƙofa ba lissafi ke zuwa maka ba. Da yawanmu mun yi hawaye.

Muna fitowa wata ƴar'uwa daga Muritaniya, wadda muka yi zaman taron tare, ta dube ni ta ce, "Kai kuma a garinku, jikan bawa yana auren wadda yake so?"

Na yi shiru, don na san amsa. Ina da aboki a nan garin, ba zan faɗi suna ba, mun yi lakkwal tare, yana da aikinsa, ba wanda ya taɓa jin abin kunyarsa. An kai gaisuwa, an karɓa, sai wata tsohuwa ta ce a bincika asali. Bayan sati biyu aka mayar da kaya. Ba a ce masa komai ba, kuma kowa ya san dalili. Ni ma na sani, kuma abin da na ce masa a lokacin shi ne, "Ka yi haƙuri, Allah ya ba ka wadda ta fi ta." Iyakar abin da na yi ke nan, ni da na je wata ƙasa ina kukan bayi.

Mun iya zagin Turawan da suka zo da jiragen ruwa, kuma sun cancanci zagin. To amma namu fa? A ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun, ayarin da ke tashi daga Damagaram zuwa Tarabulus ba gashin jimina da fatu kaɗai yake ɗauka ba, har da mutane. Mu ba mu da teku, hamada ce ta haɗiye namu, kuma ba mu gina musu ko ɗaki ɗaya da yaro zai shiga ya tambaya ba.

Kada ma a ce tsohon zance ne. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bauta babban laifi, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30, bayan ƙungiyar Timidria ta yi ta fama tun 1991. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a kan jikka 240, a 1996, lokacin wasunmu a ɗakin nan an riga an haife su. A watan Oktoban 2008 kotun CEDEAO ta ce ƙasarmu ta kasa kare ta, ta sa a biya ta miliyan 10. Yanzu kuwa mun fita daga CEDEAO tun Janairun 2025, saboda haka kar wani ya zauna jiran alƙalin waje. Kuma ko da can, wace kotu ce za ta hukunta tsohuwar da ta ce a bincika asali? Wannan a zaurukanmu yake, cikin barkwancin da muke yi a fada muna shan shayi, inda ake ce wa mutum "kai bawana ne" kowa ya yi dariya, har shi ma ya yi, don ba shi da yadda zai yi.

Ba na cewa mu je mu tsaya ƙofar gidan wani dattijo da kwalaye. Abin da nake roƙo ƙarami ne. A zamanmu na wata mai zuwa a ware awa ɗaya don wannan magana, mu gayyato malami ɗaya da dattijuwa ɗaya waɗanda za su yarda su zauna da mu, a yi ta da Hausa da Barbarci yadda kowa zai ji. Na je wurin abokin nan nawa shekaranjiya, na ba shi haƙuri kan shirun da na yi. Ya ce zai zo, amma ba zai yi magana ba, na ce zamansa ma ya isa.

Rapor ɗin yana hannun sakatare, tare da tikitoci da lissafin kuɗin guzuri, har da abin da ya rage na mayar. Wanda ke son dubawa ya duba. Shugaba, na gama, in akwai tambaya ina nan.