Tawakkali Da Sanin Mafaka Kafin Ambaliya

Cikin dare ambaliyar Jibiya ta zo a Yulin 2018, ta ci rayuka fiye da 40. Mu a birnin Katsina, wa ya san inda zai kai iyalinsa? Masu cewa shiri rashin tawakkali ne sun jahilci addini, domin Annabi Nuhu (AS) ya sassaƙa jirgi tun ruwa bai sauko ba. Saboda haka kwamitin kowane masallaci, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa, ya zauna da mai unguwa kafin damina. A ayyana makarantar da ke kan tudu, da hanyar da ruwa ba ya yankewa, a sanar bayan sallar Juma'a. 'Yan agaji kuma su san gidajen tsofaffi da marasa lafiya, don da su za a fara.