Makaho da Kurma da Gurgu Su Ma Ɗalibai Ne

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, Allah gafarta Malam Liman, Sarkin Makafi da jama'arsa, iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfa, sannunku da fitowa. La'asar ta kusa, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Tun 1962 Jami'ar Ahmadu Bello take maƙwabtaka da mu a nan Samaru. Yanzu tana da sashen karatu daga nesa, inda mutum zai yi digiri ta intanet yana zaune a ɗakinsa, kamar yadda jami'ar NOUN ke yi. Wanda ba ya neman digiri kuma, a YouTube akwai masu koyar da ɗinki da gyaran waya da haɗa sabulu. Wannan hanya ta fi dacewa da 'yan'uwanmu waɗanda zuwa aji kullum ya zame musu jidali, amma a unguwar nan kaɗan ne daga cikinsu suka shiga. Sau da yawa laifin namu ne, mu masu turo darasin.

Kwanakin baya na zauna da wani makaho a bakin kasuwar Sabon Gari. Wayarsa Android ce irin ta kowa, sai dai ya kunna TalkBack, wato muryar da ke karanta masa abin da ke kan allo. Ya kara wayar a kunne yana shafa ta da yatsa, duk abin da ya taɓa ta faɗa masa, in ya kai inda yake so ya ƙwanƙwasa sau biyu. Saurin maganarta ni ko kalma ɗaya ban tsinta ba, shi kuwa sai gyaɗa kai yake. Ana cikin haka aka turo darasi a gurup ɗinsu na WhatsApp. Takarda ce wani ya ɗauki hotonta a karkace. Wayar ta gaya masa hoto ne, ta yi gum. Dole ya jira yaronsa ya taso daga makaranta ya karanta masa. Da malamin ya buga rubutun da hannunsa, da ya saurara nan take. Muryar dai ta fi iya Turanci, in ta zo Hausa takan murguɗe baki, amma da babu gara ba daɗi.

Kurma kuma matsalarsa akasin wannan ce. Mu Hausawa muna son saƙon murya, mutum ya danna ya yi ta zuba minti biyar. Ga kurma wannan ba a yi komai ba. In kun aika murya, ku biyo ta da rubutu ko da layi uku ne. In bidiyo ne, a sa rubutu a ƙasansa, ko a samo wanda ya iya maganar hannu ya tsaya a gefe.

Masu shagunan kwamfuta, da ku nake. Na ga gurgu ya ajiye kekensa a ƙasa, an goya shi an hau bene don kawai ya cike fam. Ni da nake kallo ma kunya ta kama ni. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta bai wa gine-ginen jama'a shekara 5 su yi hanyar da keke zai shiga, kuma wa'adin ya wuce. Ba sai hukuma ta zo ba. Ku sauko da kwamfuta ɗaya ƙasa, ku zuba siminti a bakin ƙofa.

Iyaye kuma, kada ku yanke wa yaro cewa bara ce rabonsa. Hukumar JAMB ma tana da tsari na musamman na makafi masu rubuta jarrabawarta.

Ɗaliban da ke haya a gidajenmu, ku ne kuka fi mu sanin kan waya. Muna roƙon awa ɗaya kacal ranar Asabar, ku zauna da mutum guda, ku kunna masa TalkBack, ku nuna masa inda darasi yake. Duk mai niyya ya tsaya bayan sallah a ƙofar gidan Mai Unguwa a rubuta sunansa. Wanda kuma ke da makaho ko kurma ko gurgu a gida, ya zo da shi ranar Asabar ɗin, tare da wayarsa a cike da caji.