KWAƊAYIN IDO SHI KE CINYE JARI

Laccar da Akawun Jam'iyya ya yi wa 'yan kasuwa a taron mako



Yau maganarmu a kan aljihunmu ta ke. Mu da ke riƙe da littafin jam'iyya muna ganin abin mamaki kowane wata. Mutum ya zo ya ce ba shi da kuɗin kati, ya rantse gida babu hatsi, ga shi kuwa da sabuwar hula, ga sabuwar waya a hannu. Ba ƙarya ya yi ba. Da safe yana da kuɗin, ya ratsa kasuwa, idonsa ya faɗa kan abin da bai fito nema ba, kafin azahar sun tafi. Mu ma da ke wannan magana ba mu tsira ba. Mun sha fita sayen mudun gero mu komo da takalmi.

To, bari mu yi ɗan lissafi irin wanda aka koya mana a makaranta. A ce ɗan tebur yana da jarin naira 100,000, kowane mako yana juya shi ya sami ribar 10,000. Ran nan ya ga shadda ta ba shi sha'awa, ya zare 20,000 daga cikin jari ya saya. Yanzu jarinsa 80,000 ne, ribarsa ta koma 8,000. Kowane mako yana hasarar 2,000. Cikin mako goma ya sāke biyan kuɗin shaddan nan, watau ya saye ta sau biyu, ita kuwa tana ninke cikin akwati tana jiran Salla. Shi ya sa magabata suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin yadda a ke kama mai saye, don da bakinku ku ke yi. "Saura ɗaya ke nan." "Gobe kuɗinsa zai tashi." "Alhaji, wannan kamar don kai aka ɗinka." Wadda ta fi duka dafi kuwa ita ce, "Ɗauka, in ka samu ka kawo." Duk maganganun nan aikinsu guda ne, su hana mutum komawa gida ya yi shawara. Abin kunya ne a ce mun san tarkon, da shi mu ke cin abinci, sa'an nan mu tsallaka rumfa biyu mu sa ƙafa cikin na wani.

Yanzu kuma an ƙara mana wani. Dā sai mutum ya kwance lalitarsa ya ƙirga kuɗi ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa zuciyarsa tana ja da baya. Yau sai a danna waya ko a miƙa kati ga mai POS, kuɗi su fita ba a ji zafinsu ba. Ga kuma masu ba da rance ta waya, ba su tambayar me za ka yi da shi, sai ranar biya ka ga ruwan da suka ɗora.

Kada ku ce wannan ciwon matalauci ne kaɗai. Tsofaffinmu suna tune da Udoji. A 1974 kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawara a ƙara albashin ma'aikata, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yarda, a farkon 1975 aka biya su har da na watannin baya a dunƙule. Aka ruga kantuna ana sayen babur da rediyo da firiji. Kuɗi suka yi yawa, kaya ba su ƙaru ba, cikin shekaran nan farashi ya hau da wajen kashi ɗaya cikin uku. Mai albashi ya cinye nasa, manomi da ɗan dako waɗanda ba su sami ko kwabo ba suka sayi tsadar tare da shi.

Gwamnati da kanta ma ta yi irin wannan saye. Kuɗin man fetur ya shigo, aka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, alhali tashar jirgin ruwa ta Ikko ba ta iya sauke ko kusa da haka. A 1975 jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira, siminti yana daskarewa a cikinsu. In ƙasa mai rijiyar mai ta ji jiki, ina ga mai tallan goro?

Ga abin da mu ke roƙon kowa ya gwada. Na farko, a raba jari da riba, kowanne da mazauninsa. Jari amana ce, ba a taɓa shi don riga ko biki. Na biyu, kafin a fita gida a san abin da za a sayo, a ɗauki kuɗinsa kawai. Na uku, duk abin da ka gani ya burge ka, ka bar shi ya kwana. In ka tashi da safe har yanzu kana bukatarsa, kasuwa ba ta gudu. Na huɗu, ka auna shi da guminka: kwana nawa zan yi a rana kafin in mai da kuɗin nan, mudu nawa na dawa zai saya wa yara? Na biyar, abin da ya ragu a sa shi adashi ko asusu tun bai ga kasuwa ba. Iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan, mu koya daga gare su.

Amma fa a fahimce mu. Ba rowa mu ke koyarwa ba. Wanda ya sayi buhun masara da kaka sa'ad da ta ke da araha, ko ya ƙaro kayan sana'arsa kafin su yi tsada, ya yi dabara, balle a zamanin da kuɗi ke lalacewa a hannu. Shi ya shirya tun daga gida. Wanda mu ke ja wa kunne shi ne wanda kasuwa ta shirya masa.

Abin da ya sa muka kawo maganan nan wurin taro kuwa shi ne, mai bashi ba shi da baki. Wanda ya cinye jarinsa gobe yana zauren mai kuɗi a durƙushe, ranar zaɓe kuma taliya da sabulu sun isa su saye shi. Wanda ke da hatsi a rumbu da ɗan abu a asusu shi ke iya duban kowa ya ce a'a.

Saboda haka, 'yan'uwa, daga gobe duk wanda aka ce masa saura ɗaya, ya ce a ajiye masa sai jibi. Mako mai zuwa muna so mu ji wanda ya gwada da abin da ya rage masa.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya raba mu da bashi.