Waƙar Titanic da tarkon da take ɗana wa sabon DJ

Shirin yau na matasanmu ne masu neman abinci da kiɗa: masu DJ a gidan biki, da masu ɗora waƙa a kan bidiyo. Zan ɗauki waƙa ɗaya da kusan kowa ya sani, wato My Heart Will Go On ta fim ɗin Titanic na 1997. James Horner ya tsara kiɗan, Will Jennings ya rubuta baitocin, Celine Dion ta rera, kuma ta ci kyautar Oscar a 1998.

Kafin ka haɗa waƙa biyu, abu biyu kake dubawa. Na farko saurin kiɗa, wato BPM, bugu nawa ne a minti ɗaya. Wannan waƙar tana wajen 100. Na biyu gidan sautin da waƙar ke zaune a ciki, abin da makaɗa ke kira kii. Tana farawa ne a gidan E mejo.

To, don sauƙaƙa wa DJ, akwai wani zagaye mai kama da agogo da ake kira Camelot. An raba shi gida 12, kowane gida da A da B. E mejo ita ce 12B. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ka matsa gida ɗaya gaba ko baya, ko ka sauya harafi kawai. Ke nan daga 12B za ka iya shiga 11B, ko 1B, ko 12A, kunne bai ji an yi karo ba.

Yauwa, ga inda gizo ke saƙar. Daf da amshi na ƙarshe, wurin nan da muryar ke tashi har tsikar jikinka ta tashi, waƙar tana barin E mejo ta haura rabin mataki huɗu, ta sauka a A-filat mejo. A agogon Camelot wannan 4B ne. Daga 12B zuwa 4B gida huɗu ne cur. Manhajar DJ kuwa yawanci lamba ɗaya tak take liƙa wa waƙa. Idan ta rubuta maka 12B, ka yarda da ita, ka shigo da waƙar 1B a ƙarshe, to sautin zai yi tsami. Mutanen da ke wurin ba su san Camelot ba, amma wallahi kunnensu zai gaya musu an yi ɓarna. Kuma a sana'ar nan, wanda ya ji ka a bikin yau shi ne zai kira ka gobe, ko ya ƙi.

Mafita? Ka yanke shawara tun a gida. Ko dai ka fita kafin tashin, ka shiga maƙwabtan 12B, ko ka bari ta kai ƙarshe, ka nemi 3B, 5B ko 4A.

Sai tarko na biyu. A ce kana son ɗaga ta daga 100 zuwa 106 don ta yi daidai da wata. Ƙarin kashi 6 cikin ɗari yana ɗaga sauti kusan rabin mataki, E ta koma F, 12B ta zama 7B. Sai dai in ka danna maɓallin kulle kii, wanda na'urorin Pioneer ke kira Master Tempo.

Shawarata, ɗan'uwa, 'yar'uwa: duk waƙar fim da za ka saka, ka saurare ta daga farko har ƙarshe kafin ranar aiki, ka rubuta minti nawa ta sauya gida. An tsara irin waɗannan waƙoƙin ne don su bi labari, shi ya sa sukan tashi inda labarin ya tashi.

A nan zan dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya ba da sa'a.