Jawabi Ga Ɗaliban Yaƙi Da Jahilci: Da Me Ake Auna Ƙarfin Gari?

 

Hatsi da mudu ake auna shi. To, jin daɗin jama'a da ƙarfin gari fa, da me ake auna su? Wata ƙasa mai suna Butan ta nemo wa kanta amsa.

Butan ƙaramar ƙasa ce a cikin duwatsun Himalaya, tsakanin Indiya da Sin. Mutanenta ba su kai miliyan 1 ba, kuma da yawansu manoma ne. Tun shekarun 1970 sarkinsu ya nuna cewa jin daɗin talakawa ya fi tarin kuɗi muhimmanci. A 2008 aka sa wannan a tsarin mulkin ƙasar.

A 2010 ma'aikata suka hau duwatsu, suka bi ƙauyuka da birane, suka tambayi mutum fiye da 7,000. Sun duba fannoni 9. A ciki akwai lafiya, ilimi, abin hannu, muhalli da zaman tare. Sukan tambayi mutum: Ka yarda da maƙwabtanka? Kwana nawa ka yi aikin taimako kyauta? Kana samun isasshen barci?

Ga abin da suka gano. Mutanen birni sun fi jin daɗi, domin sun fi samun ilimi da abin hannu. Amma wajen zumunci da taimakon juna, mutanen ƙauye ne a gaba. Duk da haka zumunci kaɗai bai riƙe samari ba. Da yawa sun sauka zuwa Timfu, babban birnin ƙasar, sun bar gidaje a rufe.

Jama'a, mu ma muna iya yin irin wannan awo, tunda yanzu kun iya rubutu da lissafi. Ku sami littafi guda. Ku rubuta yara nawa ke makaranta. Gayya nawa aka yi bana? Mata nawa ke cikin adashi? Samari nawa suka tafi cin rani ba su dawo ba? Baɗi ku sake ƙirgawa, ku kwatanta.

Idan lissafin ya ragu, ku zauna da mai gari tun da wuri. Da hujja a rubuce za ku je wa ƙaramar hukuma. Tun ran gini ake zane.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.